Yadda Ake Kama Hayar Ɗaki Falle Ɗaya a Ƙaramin Gari

Ɗakin da ake nufi a nan shi ne wanda komai ke cikinsa: wurin kwana, wurin zama da ɗan lungun girki duk a fili guda, sai banɗaki da aka keɓe da bango da ƙofa. A tallan gidaje ana kiransa situdiyo. Yawanci girmansa yana tsakanin murabba'in mita 20 zuwa 40, akwai ma waɗanda ba su kai haka ba. Shi ne ɗakin ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, da ɗalibi, da duk mai son zaman kansa ba tare da haya ta cinye masa albashi ba.

Abu biyu ne suka raba kama irin wannan ɗaki a ƙaramin gari da sauran haya. Na farko, ɗakin ɗaya ne. In bango yana tsattsafo, a gefensa za ka kwana. In banɗaki yana wari, cikin warin za ka ci abinci, don babu wani ɗaki da za ka ja ƙofa ka koma. Na biyu, garin ƙarami ne. Mai gidan da kuka yi sa-in-sa da shi jiya za ku haɗu a hanya yau, kuma ba mamaki mai gyaran famfo ɗaya tilo da ke garin surukinsa ne. Ɗakunan haya ba su da yawa, labari kuma ba ya kwana. Shi ya sa abin da za ka iya gyarawa kafin ka shiga ya fi wanda za ka iya gyarawa bayan ka shiga, nesa ba kusa ba.

Mataki na farko: lissafin aljihu

Kafin ka tambayi kowa ko akwai ɗaki, zauna da biro da takarda. Ana yawan cewa kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Asalin wannan adadi daga Amurka ne: a 1969 aka yi dokar da ta hana hayar gidajen gwamnati wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin shigar ɗan haya, a 1981 aka ɗaga zuwa kashi 30. Ma'auni ne mai amfani, amma ba a yi shi don aljihunka ba. Wanda ake bi bashi, ko mai ɗauke da nauyin iyaye da ƙanne, kashi 30 ma na iya yi masa yawa. Ka yi lissafin da abin da ke shigowa hannunka bayan an cire haraji, kada ka yi shi da abin da ke rubuce a takardar ɗaukar aiki.

Sannan kada ka tsaya kan hayar kaɗai. Tara ta da kuɗin wuta, ruwa, gas, kwashe shara, intanet, da na ɗumama ko sanyaya ɗaki gwargwadon yanayin wurin. Abin da ya fi ɓoyewa a ƙaramin gari shi ne kuɗin mota. Motocin haya ba su da yawa, wani lokaci da yamma ta yi sun tashi aiki. A ce ɗakin bayan gari hayarsa 100 ce, na kusa da wurin aikinka 125. In zuwa da dawowa daga na farkon zai riƙa cin 40 duk wata, to na 125 ɗin ne mai araha, ga lokacinka da ya rage maka.

Ka ware kuɗin shiga ɗakin daban: hayar farko, kuɗin ajiya (wanda mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, ya mayar maka in ka tashi), la'adar dillali in akwai, kuɗin ɗaukar kaya, da ƙananan sayayya irin su labule, kwaɗo da ƙwan fitila, waɗanda ba a ganin yawansu sai an tara. Wasu wurare wata-wata ake biyan haya, wasu na wata shida ko shekara ake nema a dunƙule. Ka san wanne ake yi a garin tun kafin ka sa rai.

Mataki na biyu: nema

A babban birni, waya ta ishe ka neman ɗaki. A ƙaramin gari, ɗakuna masu kyau da yawa ba sa kaiwa ga talla: ɗan haya zai ce zai tashi, kafin mako ya zagayo wani ya ji ya kama. Don haka bakinka ne babban jarinka. Faɗa wa abokan aiki, ma'aikatan makaranta ko asibitin garin, masu shaguna, masu gyaran wuta da famfo. Waɗannan na ƙarshe sun fi kowa sanin gidan da babu kowa, kuma sun san gidan da ake kiransu gyara duk wata. Ka taka da ƙafa cikin unguwannin da kake so, ka duba takardun da ake liƙawa a ƙofa da allunan sanarwa. Zaurukan garin na Facebook da WhatsApp ma suna da amfani.

Ka lura da abin da ke juya garin. In garin makaranta ne, ɗakuna na ƙarewa daf da komawar ɗalibai, su yawaita bayan an rufe zango. In garin masana'anta ne ko na masu yawon buɗe ido, shi ma yana da lokacin cikarsa da na sakinsa. In kana da zaɓi, nemi ɗaki a lokacin da masu gida ne ke neman 'yan haya.

In daga nesa za ka zo, shawarata ita ce ka sauka a masauki na mako ɗaya ko biyu, ka nemi ɗakin kana cikin garin. Kuɗin masaukin zai yi maka ciwo, amma bai kai ciwon shekara guda a ɗakin da ka kama ta hoto ba.

Mataki na uku: da wa kake magana?

Damfarar haya salonta kusan ɗaya ne ko'ina. Hoto mai kyau, haya mai arahar da ta wuce hankali, mai gidan kuma ya yi tafiya, ga mutane sun yi layi, sai ka tura kafin alƙalami yanzu a riƙe maka. Duk inda waɗannan suka haɗu, ja da baya. Kada ka biya ko sisi kafin ka shiga ɗakin da ƙafarka, wanda ya kai ka kuma ya buɗe shi da makulli a gabanka.

Buɗewa da makulli ma ba ta isa hujja ba, domin ɗan hayar da ke shirin tashi yana da makulli, haka mai gadi. Tambayi kai tsaye: kai ne mai gidan, ko wakilinsa? In wakili ne, nemi shaidar wakilcin a rubuce, ko a haɗa ka da mai gidan ku yi magana. In gidan gado ne, ka san wane ne magada suka amince ya karɓi haya, kada ka biya wa ɗaya gobe ɗan'uwansa ya zo da nasa lissafin. In kuma ɗan haya ne ke son ba ka ɗakinsa, sai da yardar mai gida a rubuce. A nan ƙanƙantar gari na taimakonka: maƙwabta biyu ko uku za su faɗa maka mai gidan cikin minti biyar.

Dillali kuwa, ku yanke la'adarsa tun kafin ya nuna maka ɗaki na farko: nawa ce, wa zai biya, kuma sai an sa hannu ake biya ko kuwa.

Mataki na huɗu: duba ɗakin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi gaggawa. Sukan leƙa, su ga fenti sabo da tayil mai sheƙi, su ce ya yi. Ka ba ɗakin akalla rabin awa. Tafi da rana, da tef ɗin awo, tocila, cajar waya, da mutum ɗaya wanda ba shi ne zai zauna ba, domin idonsa bai rufe da son ɗakin ba.

Fara da hanci. Da an buɗe ƙofa, tsaya ka shaƙa kafin a buɗe taga. Warin rima ko na fumfuna ba ya ɓoyuwa a ɗakin da ya kwana a rufe. In ka tarar an buɗe tagogi duka an fesa turare, ba laifi ba ne, amma ka ƙara sa ido. Haska tocila a kusurwoyin silin, ƙarƙashin taga, bayan kabad, da gindin bangon da ya raba ɗakin da banɗaki. Tabo mai ruwan ƙasa a silin alamar yoyo ce. Fentin da ya kumbura ko yake ɓarewa daga ƙasa alamar danshi ne ke hawowa ta bango. In bango ɗaya kaɗai aka yi wa sabon fenti aka bar sauran, tambayi dalili. Danshi a ɗaki falle ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, saboda tururin girki, na wanka, na shanya da numfashinka duk a wuri guda suke taruwa. Fumfuna na samun wurin zama idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 60 cikin 100, kuma tana tayar da asma da tari, tana lalata tufafi da takardu.

Wannan ya kai mu ga iska. Taga nawa ce, kuma tana buɗuwa da gaske? Ɗakin da ke da mashigar iska ta ɓangare biyu ya fi mai taga ɗaya daɗin zama ƙwarai. Banɗakin yana da tasa tagar ko fankar zuƙe iska? In ba shi da ko ɗaya, duk tururinsa kan katifarka zai sauka. Duba inda tagar ke kallo: mai kallon yamma tana kwasar zafin rana daga azahar zuwa faɗuwarta. Ɗakin da ke can sama ƙarƙashin rufi ya fi ɗaukar zafi, na ƙasa ya fi kusa da danshi da idon masu wucewa.

Sai ruwa. Buɗe kowane famfo, ka bar shi ya zuba na minti ɗaya ko biyu, ka ga launinsa da ƙarfinsa. Bokiti mai lita 10 da ya cika cikin kamar minti ɗaya, ƙarfin ruwan ya yi. In ya ɗauki minti uku ko huɗu, wanka zai zama aiki. Kora ruwan masai, ka tsaya ka ga ya tafi sarai, tankin kuma ya sake cika ya yi shiru. Zuba ruwa a ƙasan banɗaki ka ga ko yana gangarawa magudana ko yana kwanciya a bakin ƙofa. Leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke: bututun da ke nan yana da wata lanƙwasa mai riƙe ɗan ruwa, ruwan nan ne ke tare warin kwata. In an haɗa bututun a miƙe babu lanƙwasar, wari zai riƙa shigowa komai tsaftarka. Tambayi inda ruwan ke fitowa, na hukuma ne ko rijiya ko tanki, da wanda ke biyan gyaran injin in ya lalace. Ƙananan garuruwa da dama ba su da babbar magudanar ƙazanta ta gari, kowane gida da raminsa, don haka ka ji wa ke biyan kwashewa in ya cika.

Wuta kuma, soka caja a kowane soket. Wanda ya yi baƙi ko ya narke a gefe ya taɓa yin zafi fiye da kima. Ƙirga su: ɗakin da firji, fanka, butar lantarki, dutsen guga da kwamfuta za su rayu a ciki, soket biyu ba za su ishe shi ba, kuma jona komai a kan abin ƙarin soket guda ɗaya na daga cikin hanyoyin da gobara ke tashi. Lissafin mai sauƙi ne: soket mai amfiya 13 a wuta mai bolt 230 iyakarsa kusan wat 3,000 ne, butar lantarki kaɗai kuwa na iya jan wat 2,000. Nemi a nuna maka akwatin fis da mitar ɗakin. Ga gwajin da ya kamata kowa ya yi: kashe komai na ɗakin, ka je ka kalli mitar. In tana ci gaba da ƙirga, akwai wanda ke shan wuta a layinka. Wannan na faruwa sosai a gidajen da aka yanka babban gida aka mayar da shi ƙananan ɗakuna, kuma irinsu ne suka fi yawa a ƙaramin gari. In mitar ta haɗaka ce, a faɗa maka yadda ake raba kuɗin, ka ga takardun biyan watannin baya, ka kuma tabbatar babu tsohon bashi a kanta.

Akwai abin da ba ya gyaruwa da ban haƙuri, shi ne iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana fitowa daga duk abin da ke ƙona gas, kananzir, gawayi, itace ko fetur idan iska ba ta wadata ba, kuma tana kashe mutum yana barci. A ɗakin da murhu ke taku uku daga gado, wannan ba zancen wasa ba ne. In akwai na'urar dafa ruwa ko ta ɗumama ɗaki mai aiki da gas, ka ga inda hayaƙinta ke fita, ka tambayi yaushe aka duba ta. Harshen wutar gas mai lafiya shuɗi ne, in ya koma rawaya yana baƙanta tukunya akwai matsala. Duba ko akwai janareta da ake tayarwa kusa da tagarka. Na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi, da wadda ke jin wannan iska, ba su da tsada idan aka kwatanta da abin da suke karewa. In babu, sayi naka. Ka kuma tambayi kanka: in wuta ta tashi a lungun girki, kuma lungun yana bakin ƙofa, ta ina zan fita? Tagar da aka toshe da ƙarafunan da ba sa buɗuwa ta hana ɓarawo shiga, ta kuma hana ka fita.

Ƙwari ba sa fitowa gaishe da baƙo da rana, sai dai su bar sawu. Buɗe kabad da dirowa ka haska: ƙananan baƙaƙen ɗigo kashin kyankyaso ne, masu kamar ƙwayar hatsi na ɓera ne. In da katifa a ɗakin, ɗaga ta ka duba ɗinkin gefe da gaɓoɓin gadon, nan kuɗin cizo ke ɓuya yana barin baƙin tabo. Ƙwanƙwasa katakon ƙofa da na taga, in ya yi ƙarar holoƙo gara ta riga ka.

Daga nan ka fito da tef. Ɗakin da babu kaya kullum yana yaudarar ido. Gadon mutum biyu yana cin kusan santimita 140 a faɗi da 190 zuwa 200 a tsawo, kuma kana bukatar akalla santimita 60 a gefensa don wucewa. Auna bangon da za ka jingina shi, ka ga ko ƙofar banɗaki da ta kabad za su buɗu bayan an sa shi. Auna faɗin ƙofar shiga da kwanar matakala, don firji da gado ta nan za su bi. Siffar ɗaki ta fi yawan murabba'insa muhimmanci: mai mita 22 da ke da kusurwa huɗu sak ya fi mai 28 da rabinsa siririn lungu ne. Wasu ƙasashe ma sun sa iyaka. A Faransa, alal misali, mafi ƙanƙantar ma'aunin da doka ta sa wa ɗakin haya shi ne murabba'in mita 9 da tsayin silin mita 2.20.

Kafin ka fita, rufe ƙofa da taga, ku yi shiru na minti ɗaya. Abin da ka ji ta bango yanzu, shi za ka ji da tsakar dare. Duba sabis ɗin wayarka a tsakiyar ɗakin da kuma inda gado zai zauna, don a ƙaramin gari layin da ke aiki a wannan unguwa na iya mutuwa a waccan. In aikinka na intanet ne, gwada shi a nan take.

Mataki na biyar: koma ba tare da mai gida ba

Koma da dare, in da hali ka koma bayan an yi ruwan sama. Hanyar tana da haske? Ruwa na kwanciya a ƙofar gida? Akwai injin niƙa, gidan biki ko tashar manyan motoci da ke farkawa bayan magariba? Gaisa da maƙwabta, ka nemi wanda ya tashi daga ɗakin in yana garin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambaya biyu sun isa: me ya sa ka tashi, kuma an mayar maka da kuɗin ajiyarka? Sai dai ka yi tambayar cikin ladabi, ka ɗauka duk abin da ka furta zai koma kunnen mai gidan kafin gari ya waye.

In mai gidan a cikin gidan yake zaune, ka auna wannan da kyau. Gyara zai zo da wuri, tsaro zai fi, amma za a san lokacin fitarka da na dawowarka da wanda ya zo wurinka. Wani wannan bai dame shi ba, wani kuwa ba zai iya wata uku ba.

Mataki na shida: ciniki

Inda ɗakuna ba su da yawa, ba kasafai ake rage haya sosai ba. Amma abin da mai gida a ƙaramin gari ya fi tsoro shi ne ɗaki ya zauna wata da watanni babu kowa, ko ya faɗa hannun wanda ba ya biya. In ka nuna shaidar aiki da niyyar daɗewa, kana da abin ciniki. In kuɗin ya ƙi sauka, nemi wani abu: a gyara famfo da soket kafin ka shiga, a sa ragar sauro a taga, a raba maka kuɗin ajiya kashi biyu, ko a yi alkawarin ba za a ƙara haya ba sai bayan shekara biyu. Kada ka kushe ɗakin don a rage maka. Mai gida na iya haƙura da ragi, amma ba ya manta wanda ya raina masa gini.

Mataki na bakwai: takarda

A nan ne kunya ke cutar mutane. Za ka ji an ce, "Haba, ai mun zama ɗaya, wace takarda kuma?" Sau da yawa da zuciya ɗaya ake faɗa. Amsar da ba ta ɓata wa kowa rai ita ce: "Ranka ya daɗe, ba rashin yarda ba ne, saboda mantuwa ne da halin rai." Gaskiya ce kuwa. Mai gidan kirki na iya sayar da gidan, ko ya rasu magada su karɓa, kuma su ba su san alkawarin da aka yi maka a tsaye a bakin ƙofa ba.

Ko shafi ɗaya ce, yarjejeniyar ta ƙunshi cikakken sunan ɓangarorin biyu, adireshi da lambar ɗakin, ranar shiga da ranar ƙarewa, adadin haya da ranar biya da hanyar biya. Ta faɗi abin da ke cikin hayar da wanda ba ya ciki: wuta, ruwa, shara, wurin ajiye abin hawa. Ta faɗi kuɗin ajiya, abin da za a iya cirewa daga ciki, da kwanakin da za a mayar da shi bayan ka tashi.

Sai wuraren da rigima ta fi fitowa, waɗanda ya kamata ka karanta sau biyu. Gyara: abin da aka saba shi ne mai gida ya ɗauki na gini, rufi, bututu da wayoyin cikin bango, ɗan haya ya ɗauki ƙananan abubuwa da duk abin da ya lalata da hannunsa. In an yarda ka yi gyara a cire daga haya, a rubuta, kuma kowane gyara ka samu amincewa kafin ka kira ma'aikaci. Ƙarin haya: yaushe, kuma da sanarwar kwana nawa. Wa'adin tashi: wata nawa kowane ɓangare zai ba ɗaya. Tashi kafin lokaci: in aka yi maka canjin wurin aiki a wata na huɗu alhali ka biya shekara, za a mayar maka da saura, ko sai an samu wani ya shiga? Wanda aiki ya kawo shi ƙaramin gari, wannan layin ya fi kowane muhimmanci a gare shi. Shigar mai gida: ba ya buɗe ɗakinka sai da sanarwa, in ba gobara ko fashewar bututu ba. Sannan dokokin gida, wato baƙi, dabbobi, lokacin rufe ƙofar waje, buga ƙusa a bango. In akwai dokar da ka san ba za ka iya bi ba, faɗa yanzu.

Dokar haya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci daga jiha zuwa jiha. Dubi kuɗin ajiya kaɗai: a Ingila, tun 2019, ba a karɓar fiye da hayar mako biyar a yawancin gidaje, a Jamus iyakarsa hayar wata uku, a Faransa wata ɗaya ne in ɗakin babu kaya, wata biyu in da kaya. Don haka nemi dokar inda kake, a ofishin ƙaramar hukuma ko wurin lauya, musamman kan kuɗin ajiya, wa'adin tashi da yadda ake fitar da ɗan haya. A wurare da yawa mai gida ba shi da ikon canza makulli ko fitar da kayanka da kansa sai ta hanyar kotu.

Kada ka sa hannu a takardar da aka bar wani gurbi babu rubutu. Duk gyaran da aka yi da biro, ku biyun ku sa hannu a gefensa. A samu shaidu, ɗaya daga ɓangarenka, kowa kuma ya tafi da kwafinsa mai sa hannu. Ɗauki hoton kowane shafi.

Mataki na takwas: biya da karɓar makulli

Biya ta hanyar da ke barin shaida, zai fi kyau ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke cikin yarjejeniya. In tsabar kuɗi ne, rasit a hannu kafin ka bar wurin, mai kwanan wata, adadi, da watannin da kuɗin ya biya. Kuɗin ajiya da rasit ɗinsa daban, kada a cakuɗa shi da haya.

Ranar karɓar makulli, kafin ka shigar da ko tsintsiya, ɗauki bidiyon ɗakin daga ƙofa zuwa banɗaki, sannan hoton kowane tabo, tsagewar tayil, fasasshen gilashi da abin da mita ke nunawa. In da kayan mai gida a ciki, ku jera su a takarda tare da halin da kowanne ke ciki, ku sa hannu. Tura wa mai gidan hotunan ta waya a ranar, don kwanan watan ya zauna a wurin ku biyu. Nemi izinin canza makullin ƙofa, tunda ba ka san hannu nawa tsohon ya bi ba. A nuna maka inda ake rufe ruwa da inda ake kashe wutar ɗakin gaba ɗaya, don ranar da bututu ya fashe ba ranar tambaya ba ce.

Wajen shigo da kaya, yi a hankali. Gado, abin girki da labule sun isa makon farko. Bayan ka zauna ka ga inda rana ke faɗowa da inda ƙafarka ke bi, sai ka san abin da ɗakin zai iya ɗauka. Ka bar ɗan tazara tsakanin kaya da bangon waje don iska ta zagaya.

Mataki na tara: zama da tashi

Duk abin da ya lalace, sanar da wuri kuma a rubuce, ko da saƙon waya ne bayan kun yi magana baki da baki. Ɗigon da ka yi shiru a kansa wata uku, in ya ruɓar da silin, kai za a ɗora wa. In haya za ta makara, faɗa kafin ranar ta zo. Kada ka riƙe haya don an ƙi yin gyara sai ka tabbatar dokar wurin ta ba ka wannan dama, domin a wurare da yawa hakan na mayar da mai gaskiya mai laifi.

In lokacin tashi ya yi, ba da sanarwa a rubuce daidai da wa'adin da ke cikin yarjejeniya. Kada ka ɗauka kuɗin ajiya zai zama hayar watan ƙarshe sai an amince da haka. Biya kuɗin wuta da ruwa, share ɗakin, toshe ramukan ƙusa, sannan ku zagaya tare da mai gidan da hotunan ranar shiga a hannunka. Dusashewar fenti da tsufan da kaya ke yi saboda amfani na yau da kullum ba ɓarna ba ne, bai kamata a cire su daga kuɗinka ba. Fasasshen gilashi ko ƙonannen kanta kuwa naka ne. In za a cire wani abu, a rubuta shi dalla-dalla da kuɗinsa, ka ga rasit ɗin gyaran. Ɗauki hoton mita a karo na ƙarshe, ka miƙa makullai duka, a ba ka 'yar takarda mai kwanan wata da ke nuna an karɓa da ranar da za a mayar maka da sauran kuɗinka. Ka kuma roƙi mai gidan ya rubuta maka layi biyu cewa ka zauna lafiya ka biya a kan kari, domin mai gida na gaba zai iya tambaya.